Babi na Shida: Hannun da Ya Zana Tukunyar Fure

Cikin kayan da dillalan tsofaffin kaya ke bajewa a Faransa, tun daga gidan gwanjon Drouot da ke tsakiyar birnin Paris har zuwa rumfunan kasuwar Saint-Ouen da ke bakin birnin, akwai wata irin tukunya da ba a ɗora ta a wuta, ba a kuma zuba mata ruwan sha. Fara ce mai sheƙi, an zane jikinta da furanni ko tsuntsaye ko mutanen ƙauye, kuma duk zanen da hannu aka yi shi. Wata zagayayya ce mai faɗin baki, ita Faransawa ke kira kashfo. Wata doguwa ce mai hannaye biyu da 'yan ƙafafu, ana kiranta jardiniya. Aikinsu ɗaya ne: a ɗauko tukunyar jar ƙasa wadda shuka ke ciki a zura a cikinsu, don kada muninta da laimarta su ɓata ɗaki. Shi ya sa idan ka kifa mafi yawansu ba za ka ga huda a gindi ba. Mutum iri biyu ne ke cutar wannan tukunya. Akwai wanda ya saye ta saboda suna da shekaru, ya kai gida ya kulle a kabad ɗin gilas babu komai a cikinta. Akwai kuma wanda ya cika ta da ƙasa da taki, ya riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne darajarta tana ga hannun da ya zana ta, kuma an yi zanen ne don ya zauna tare da shuka mai rai a ɗakin da mutane ke shige da fice. Wanda ya gane haka zai san abin da zai duba kafin ya biya kuɗi, zai kuma iya zama da ita shekara da shekaru bai lalata ta ba.

Sai an san yadda ake yin ta kafin a fahimci abin da ake nufi da hannu. Irin tangaran ɗin da ake magana a kai shi ake kira fayans, kuma asalinsa yumɓu ne irin na kowa, mai launin ja-ja ko rawaya-rawaya, mai shan ruwa. Magini zai gina tukunyar, ya bar ta ta bushe, ya gasa ta karo na farko. Daga nan sai a tsoma ta cikin wani kwaɓi mai ruwa-ruwa da aka haɗa da yashi da dalma da tokar kuza. Yashi da dalma su ne za su narke su zama gilas, kuza kuwa ke toshe gilas ɗin ya koma fari fat, ta yadda ba a hango jan yumɓun da ke ƙarƙashi. Gasasshen yumɓu yana zuƙe ruwan kwaɓin nan take, sai wani farin gari ya kwanta a jikin tukunyar, wanda ko yatsa ya goga sai ya tashi. A kan wannan ɗanyen shafe mai zane yake aiki. Buroshinsa na taɓawa garin ya shanye launin, babu gogewa, babu dawowa a gyara; in hannunsa ya yi rawa ko ya daɗe a wuri guda, tabon ya zauna ke nan, wuta kuma za ta dawwamar da shi. Abin da ke ƙara wa aikin wuya shi ne launin da yake shafawa ba shi zai fito ba. Shuɗin nan da kowa ke yabo, kafin ya shiga wuta toka-toka ne mai duhu, don haka mai zanen da abin da ya san zai faru cikin tanderu yake aiki, idonsa bai gani ba tukuna.

Gashi na biyu yana kaiwa kusan digiri 1,000, shi ya sa ake kiran wannan hanya babbar wuta, kuma launuka kaɗan ne ke jure ta: shuɗi daga kobal, kore daga jan ƙarfe, shunayya daga manganis, rawaya daga antimoni, sai wani ja daga ƙasa mai ƙarfe-ƙarfe, wanda sau da yawa yakan ƙone ya koma ruwan ƙasa. Maginan Rouen sun yi suna wajen shawo kan wannan jan. Kada a ɗauka kowane mai zane abin da ya ga dama yake ƙirƙira. Masana'antun suna da takardun zane da aka huhhuda da allura. A ɗora takardar a jikin tukunya, a bubbuga mata ƙullin garin gawayi, ɗige-ɗige su fito su nuna hanya, gawayin kuma ya ƙone a wuta. Ma'aikata ne, da yawansu ko sunansu ba a ajiye ba, suna maimaita fure ɗaya sau ɗaruruwa. Amma cikin maimaicin nan gwaninta take. A Quimper, can yankin Bretagne, kowane kunnen fure da jan buroshi ɗaya tak ake yin sa: a dasa bakin buroshin, a danna, a ja, a ɗaga, sai ga shi mai faɗi a inda aka danna, siriri a inda aka ɗaga. Ka bi kunnuwa goma a zagayen tukunya ɗaya, ba za ka sami biyu da suka yi daidai ba, amma duka da sauri ɗaya da nauyin hannu ɗaya aka yi su. Wannan mai saye ke biya, ko ya sani ko bai sani ba.

Wajen tsakiyar ƙarni na 18 wata hanya ta shigo, wadda Paul Hannong na Strasbourg ya fi kowa yaɗa ta. A nan sai an gasa farin shafen ya zama gilas, sannan a yi zane a kan santsinsa, inda za a iya gogewa a sake, a mayar da tukunyar wuta karo na uku a zafin digiri 700 zuwa 800. Wannan ƙaramar wuta ta kawo launukan da a da ba sa yiwuwa, musamman ruwan hoda da jan da ake samu daga zinariya, har wardin Strasbourg ya riƙa fitowa kamar a kai hannu a tsinka. A Marseille, Pierrette Candelot ta karɓi masana'antar mijinta Claude Perrin bayan rasuwarsa a 1748, ta riƙe ta fiye da shekara 40, haruffan VP da take sa wa kayanta suka zama cikin alamun da aka fi nema. Babu mai musun kyawun wannan aiki. Duk da haka, in dai tukunyar shuka ake magana, ni na fi karkata ga babbar wuta. Launinta ya nutse cikin gilas ɗin sun zama jiki ɗaya, shafa da gogar ganye ba sa kankare shi, alhali launin ƙaramar wuta a sama yake zaune, ana jin tudunsa da yatsa, shekaru kuma suna cinye shi. Ban da haka, wardin da aka zana har ya yi kama da na gaske kishi yake da furen da ke tsaye a bisansa. Shuɗi da fari kuwa ja da baya suke yi su bar wa koren ganye fili.

Tarihin yadda fayans ya shiga manyan gidaje ma yana nuna cewa tun asali kayan amfani ne. An daɗe ana yin sa a Faransa. Masseot Abaquesne yana aiki a Rouen tun shekarun 1540. Maginan Italiya 'yan gidan Conrade sun zauna a Nevers a ƙarshen ƙarni na 16. A 1644 aka ba da izinin sarki na kafa masana'anta a Rouen. Pierre Clérissy ya fara nasa a ƙauyen Moustiers wajen 1679. Amma duk tsawon lokacin nan masu sarauta da azurfa suke ci suke sha, har bishiyoyin lemon da ke jere a zauren madubai na fadar Versailles cikin tukwanen azurfa suke. Yaƙi ne ya sauya lissafi. A 1689 Sarki Louis na 14 ya aika da kayan azurfar fadarsa, kusan tan 20, aka narke aka buga kuɗin biyan sojoji, har da tukwanen lemon nan. A 1709, ana tsakiyar wani yaƙin ga kuma sanyin hunturun da ya kashe amfanin gona, aka sake kiran manya su kawo tasu azurfar. Saint-Simon, wanda ya zauna a fadar ya rubuta abin da ya gani, ya ba da labarin yadda cikin mako guda manyan suka wawashe shagunan fayans. Daga nan maginan Rouen da Moustiers suka duƙufa kwaikwayon siffofin kayan azurfa, da kusurwoyinsu da hannayensu, har da tambarin gidan mai saye. Ke nan fayans ya gaji kwano da buta da tukunyar da ake taɓawa kullum ne, kuma a wannan matsayi aka yi mafi kyawunsa.

Ajiye shuka a ɗaki shi ma yana da nasa tarihin. A ƙarni na 18 abin yayi shi ne furannin da ke tsiro daga tushe mai kama da albasa, irin su hayasin da tulif, waɗanda ake raino a ɗumin ɗaki su yi fure tun hunturu bai wuce ba. Don su aka riƙa yin ƙananan akwatunan tangaran, kuma a 1754 masana'antar Vincennes, wadda bayan shekara biyu ta koma Sèvres, ta fito da wata tukunya mai hawa biyu: ta sama tana riƙe ƙasa da shuka, ta ƙasa tana riƙe ruwa, shukar na sha ta 'yan hudoji. Amma ainihin zamanin tukunyar shuka ƙarni na 19 ne. A shekarun 1830 wani likita ɗan Landan, Nathaniel Ward, ya nuna cewa shuka na iya ƙetare teku da ranta cikin rufaffen akwatin gilas, sai shuke-shuken ƙasashe masu zafi suka yawaita a Turai. Duk ɗan kasuwa ko lauyan da ke son a san da shi sai ya ajiye 'yar bishiya dangin dabino ko wata mai faɗin ganye a falonsa, kowace kuma tana buƙatar abin da zai rufe tukunyarta. Masana'antu suka tashi tsaye: Gien, wadda wani ɗan Ingila, Thomas Hall, ya kafa a 1821 a bakin kogin Loire, Sarreguemines da Lunéville da Longwy a gabas, 'yan gidan Massier a Vallauris kusa da Bahar Rum, da Théodore Deck a Paris, wanda ya daɗe yana nazarin tangaran ɗin Iznik na Turkiyya har ya fito da wani shuɗi mai ruwan kore da ake kira da sunansa. Galibin tukwanen da ake sayarwa yau da sunan tsofaffi daga wannan zamani suka fito, kuma babu abin kunya a ciki.

Ka tsaya ka dubi tukunya mai salon Rouen da kyau, za ka ga maginin ya san akwai abin da zai fito daga bakinta. Zanen da garin ya yi suna da shi, mai siffar gezar labule, daga baki yake farawa ya sauko cikin harsuna masu tsini, wani ya taso daga gindi ya tarye shi, a bar farin fili a tsakiya. Nauyin adon a sama yake, can ido ke komawa, in babu ganye a wurin sai ya faɗa rami. Cikin tukunyar galibi fari ne zalla, domin ba a yi shi don a gani ba. Bakin ya fi abin da jikin ke buƙata faɗi, hannayen gefe kuma, ko kan zaki ne ko murɗaɗɗen ganye, an sa su ne don ɗaukar kaya mai nauyi. Tukunyar da aka bari wayam a bayan gilas an rage mata rabin siffarta. Gidan tarihi yana da uzuri, aikinsa adanawa ne da koyarwa. Gidan zama ba shi da wannan uzurin.

Mai ja da wannan magana zai ce in dai ado ake so, ai zanen bugu ya fi na hannu tsafta, ya kuma fi araha. Hujjar ba sabuwa ba ce, ita ce ma ta durƙusar da tsofaffin masana'antun. Tun shekarun 1750 mutanen Ingila suka gano yadda ake ɗauko zane daga farantin jan ƙarfe zuwa takarda, daga takarda zuwa jikin tangaran, ga kuma wani farin yumɓu mara nauyi mai ƙarko da Josiah Wedgwood da ire-irensa suka inganta. Yarjejeniyar ciniki ta 1786 tsakanin Faransa da Ingila ta sassauta haraji, kayan Ingila suka kwararo, juyin juya halin 1789 ya watsa manyan masu saye, wutar tanderun Rouen ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe a Moustiers ta mutu a 1874. Ga wanda ke neman farantin cin abinci dozin biyu masu kama ɗaya, zaɓin kasuwa daidai ne. Amma tukunyar shuka guda ɗaya ce a ɗaki, kuma kullum idonka na kanta. Zanen bugu da ka gan shi sau ɗaya ka gama ganinsa, don furen gaba shi ne na baya, kauri ɗaya, duhu ɗaya. Na hannu kuwa yana da inda launi ya taru, da inda buroshi ya fara bushewa, da inda shuɗi ya ɗan bazu cikin fari lokacin da gilas ya narke, kuma hasken safe yana fito da abin da na yamma ya ɓoye. Akwai tsaka-tsakin da ya kamata a sani: Gien da wasu masana'antun ƙarni na 19 sukan buga layukan zanen, sannan ma'aikata su cike launi da hannu. Kaya ne masu kyau, amma dillalin da ya kira su aikin hannu ya yi shiru daga nan, rabin gaskiya ya faɗa, bai kuma kamata a biya shi kuɗin cikakkiya ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kasuwar cike take da jabu, me zai sa mutum ya jefa kuɗinsa? Gaskiya ne akwai jabu. Da tara tsohon fayans ya zama yayi a ƙarni na 19, masu kwaikwayo suka taso. Gidan Samson, wanda Edmé Samson ya buɗe a Paris a 1845, ya shafe fiye da ƙarni guda yana kwafar kusan duk wani tangaran mai suna, yana sa tasa alamar, wasu dillalai kuma suna bi suna kankarewa. Garin Desvres a arewa da Malicorne a yamma sun cika kasuwa da kayan salon Rouen da Moustiers da Nevers waɗanda ba su taɓa shiga garuruwan nan ba, haruffan VP kuwa an sha rubuta su a gindin kayan da aka gina shekara ɗari bayan rasuwar mai su. Amma a lura da wanda zambar ke kamawa: mai sayen suna ne. Alama ita ce mafi sauƙin ƙirƙira, haruffa biyu ne da bakin buroshi, kuma da yawa daga ainihin kayan ƙarni na 17 da na 18 ba su da alama sam. Wanda ya fara da kifa tukunya yana neman haruffa kafin ya dubi zane, shi ya kai kansa. Wanda ya fara da zanen yana da kariya, domin mai kwafa layin wani yake bi a hankali, hannunsa a ɗaure, sai aikin ya fito a sandare ko ya cika kwalliya fiye da kima, alhali mai asali a guje yake yi, tunda ya riga ya yi sau dubu. Kuma ko ta tabbata tukunyar Desvres ce ta wajen 1890, ai ita ma da hannu aka zana ta, ta kuma haura shekara 100 ɗin da hukumomin kwastan na ƙasashe da yawa ke ɗauka a matsayin iyakar tsohon kaya. Laifin yana ga farashin da sunan da aka laƙaba mata. A saye ta a kuɗin Desvres, a kira ta Desvres, a sa mata shuka.

Bayan zane, jikin tukunyar ma yana ba da shaida. Gindin da ya shekara ɗari yana gogar katako yana zaizayewa ne sumul a wuraren da ke taɓa ƙasa, ba ya da karce-karcen da samfefa ke bari. Shafen kuza mai kauri ne, bai kama yumɓu sosai ba, don haka yakan ɓare a baki da kan hannaye ya nuna launin ciki. Wadda aka ce ta ƙarni na 18 ce amma babu ko ɓarewa ɗaya, ita ce abar tuhuma. Tsohon fari yana da ɗan shuɗi-shuɗi ko ruwan madara, da 'yan hudojin da iska ta fita lokacin gashi. A ƙwanƙwasa da yatsa: lafiyayya tana amsawa, mai ɓoyayyiyar tsaga muryarta a dushe take. Gyaran zamani, wanda ake yi da roba da fenti har ido ya kasa ganewa, yakan tona kansa a ƙarƙashin fitilar nan da ake duba kuɗin jabu da ita. Idan an ga sunan ƙasar Faransa a gindi, galibi bayan 1890 aka yi ta, domin a shekarar ce Amurka ta yi dokar da ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigowa da su. Akwai kuma ruɗanin da ba zamba ba: bokitan tangaran da aka yi don sanyaya kwalba a kan teburi siffarsu kusan ɗaya da kashfo, ana kuma yawan sayar da su da wannan suna.

Suka ta uku ita na fi girmamawa, don daga masu ƙaunar kayan take fitowa: amfani yana lalatawa, abin da ya tsira shekara 200 bai kamata a jefa shi cikin haɗari saboda ganye ba. Suna da hujja babba a tarihi. A 1670 Louis na 14 ya gina wani ƙaramin gidan shaƙatawa a Trianon, aka ƙawata shi da fayans shuɗi da fari, aka jera tukwane a bisa rufinsa. Kowane hunturu sai sanyi ya ɓare shafen, gyara ya ƙi ƙarewa, sarkin ma ya gaji da gidan, a 1687 aka rushe shi. Yumɓun fayans yana shan ruwa ta kowace tsaga, idan ruwan ya daskare ko gishirin taki ya taru a ƙarƙashi, sai ya ɗaga shafen ya zubar. Amma abin da ya ci Trianon ruwa ne da zama a waje. Tukunyar da ke cikin ɗaki, an shimfiɗa mata ƙaramin faranti ko leda mai kauri a ciki, an zura tukunyar shukar ba matsi, ana fito da shukar a ba ta ruwa a waje a bari ta tsane kafin a mayar, wannan ba ta fuskantar komai da ya wuce abin da aka gina ta dominsa. A ɗauke ta da hannu biyu ta ƙasa, domin bayan tsawon shekaru ba a san wane hannunta aka taɓa liƙawa ba. A share ƙura da ƙyalle mai laushi, kada a jiƙa ta cikin bilic, kada kuma a zuba mata abin ci saboda dalmar da ke cikin shafen. Abin da ba ni da uzurinsa ko kaɗan shi ne huda gindinta don ruwa ya fita. Minti biyar ne, kuma ba ya gyaruwa. Na yarda akwai kayan da suka fi ƙarfin falo. Abin da ya fito daga hannun Abaquesne, ko babbar tukunya mai tambarin gida da shekarar da aka yi ta a rubuce, wurinsu gidan tarihin tangaran na Sèvres da aka kafa a 1824, ko na Rouen. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne, kuma ba su ne ke yawo a rumfunan kasuwa ba.

Saura mai cewa duk wannan almubazzarancin Turawa ne, me ya haɗa mu da shi. Farar tukunyar nan ba a Faransa aka fara ta ba. A Basra ta Iraƙi, a ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa, magina suka ga farin tangaran ɗin Sin da jiragen ruwa ke kawowa, ba su da irin yumɓunsa, sai suka rufe nasu da shafen kuza suka yi rubutu da ado a kai da shuɗin kobal. Sana'ar ta bi ta Masar ta isa Andalus, daga Malaga da Manises ta shiga Italiya, daga Faenza da Albisola ta haura Faransa da Holan. Mai zanen Nevers ya kwaikwayi Sin da Farisa, Moustiers ta samo launuka daga Alcora ta Sifen ta hannun Joseph Olérys a 1738. Kowa aro ya yi ya mayar nasa. Sha'awar kanta ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga jere: kwanukan da aka ƙera a wasu ƙasashe, mata suka mayar da su ado da ajiyar dukiya, suna gane wanda ya fi wani da kallo ɗaya. Bambancin shi ne jere da yawa yake kyau, tukunyar shuka kuwa ba ta son cunkoso. Guda ɗaya a kan teburi kusa da taga, inda haske ke zuwa ta gefe ya nuna sawun buroshi, ta wadatar. In zanenta mai launuka da yawa ne, a ba ta shuka mai koren ganye zalla. In shuɗi da fari ne, tana ɗaukar fure kowane iri.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana da hanya biyu, kuma duka masu kyau ne. Ta farko ita ce ɗinkakkiyar tukunya. Kafin a sami gam na zamani, akwai masu gyara da ke yawo gari-gari a Faransa. Sukan huda 'yan ramuka a gefe biyu na tsaga, su ɗaure da guntayen waya, su cike da farin kwaɓi. Masu tara kaya suna guje wa irin waɗannan, farashinsu yakan faɗi sosai, alhali zanen yana nan yadda mai shi ya bar shi, kuma tukunyar da ba a zuba wa ruwa ba ta damu da tsaga ba. Hanya ta biyu ita ce sabuwa. A 1927 Marcel Provence ya sake hura wuta a Moustiers bayan fiye da shekara 50 tana mace, har yau akwai ƙananan masana'antu a ƙauyen, gidan Henriot a Quimper ma yana nan yana zane da hannu. A wurina sabuwar da gwani ya zana ta fi tsohuwar da aka yi da kasala, don tsofaffin ma akwai na banza a cikinsu. Abin da za a tambayi mai shago shi ne ko a kan ɗanyen shafe aka yi zanen, da kuma ko akwai layin bugu a ƙarƙashinsa. Wanda ya sami zuwa Quimper kuwa yana iya neman shiga ɗakin masu zanen, domin gidan Henriot yana karɓar baƙi su tsaya su ga yadda ake jan buroshin.